Fedar da Ta Ƙi Magana a Cikin Majami'a

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Ishaya, ni ne telan nan da ke tsayawa bayan mai ganga da babbar jita, wadda ake kira bas. Na rubuta shaidata a takarda, don in na tsaya haka kawai zan rikice. Karatuna iyakarsa firamare, ku yi haƙuri da ni.

Ni mutum ne mai damuwa tun ina yaro. Nakan kulle shago, in kai bakin titi, in koma in taɓa kwaɗon. Nakan auna mutum sau uku kafin in sa almakashi a yadinsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kaɗa bas a nan Gusau.

Wata uku kafin sujadar godiya ta girbi, Malam Habila shugaban mawaƙa ya miƙo mini wani ɗan akwatin ƙarfe da ake takawa da ƙafa. Ya ce feda ce, makaɗa suna kiranta filta. Ana sa wayar jita a cikinta, wata waya ta fita zuwa amfilifaya, wato na'urar ƙara murya. In ka taɓa tsirkiya a hankali sai ta yi gunaguni, in ka fizga da ƙarfi sai ta buɗe baki ta ce "waw", kamar mutum. Ya ce, "Tela, wannan muryar nake so a sabuwar waƙar girbi. Je ka koya."

Na kai ta gida. Na haɗa wayoyi, na murɗa maɓallin da ke sa ta ji ƙarfin hannu zuwa tsakiya, na taka, 'yar jar fitila ta kama. Na fizgi tsirkiya. Waw! Kajin matata Saratu suka watse. Kwana biyar ina gwadawa, har na sa alli na yi alama a inda kowane maɓalli ya fi daɗi.

Ran Asabar na kawo ta gwajin waƙa. Waya ɗaya, jita ɗaya, alamar allina na nan. Na taka, fitila ta kama. Ba waw. Sai wani gunaguni kamar an rufe mutum cikin randa. Malam Habila ya ƙara muryar amfilifaya, gunagunin ya ƙaru kawai.

Na koma gida, ta yi magana. Na dawo majami'a, ta yi shiru. Haba! Na canja batir sau huɗu. Na canja waya. Na ce janareta ne, aka kawo wuta, ba abin da ya sake.

Na shiga mota har Tsafe, wurin wani Malam Sani mai gyaran rediyo da aka yaba mini, duk da kun san yadda mutum ke zama a kan hanyar nan da zuciya a hannu saboda 'yan bindiga. Ya kwance ta, ya hura, ya gwada. Ya ce, "Malam, wanga abu lahiyatai lau. Kai dai ka ka da damuwa, tun da ka shigo kake share zuhwa." Na dawo da haushi.

Daga nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Na ce a raina, abin da ke aiki a gidana ya ƙi aiki a gidan Allah, ai ba na'ura ba ce, ni ne. Ubangiji ya ƙi karɓar kiɗana. Na fara tonon zunubaina. Na roƙi Saratu gafara a kan miyar da na kushe bara. Na mayar wa wata mata ƙyallen da ya rage daga ɗinkinta, bai kai tafin hannu ba. Na je har Bungudu neman wani Yakubu da na yi wa dariya a aji huɗu saboda kunnuwansa. Mutumin bai ma gane ni ba! Ya ba ni ruwa, ya ce, "Ka taso daga Gusau don wannan? Na yafe, amma ka je asibiti."

Na dawo, na taka feda, shiru. Abinci ya daina shiga. Na lalata rigar mutane biyu a shago. Na yanke shawara cewa zan mayar wa dattawan majami'a jitarsu, in koma bencin baya, tun da Allah ba ya so na a gaba.

Asabar ta ƙarshe kafin girbi, na zo da la'asar tun kafin kowa, don in ajiye jitar in tafi. Na durƙusa a nan, kusa da wannan sifikar. Gaskiya ba addu'ar ladabi na yi ba. Na ce, "Ubangiji, na gaji! Na je Tsafe, na je Bungudu. In akwai laifin da ya rage, ka faɗa mini sunansa. Kada ka bar ni ina ta lalube kamar makaho. Ka yi magana mana!"

Ashe ranar sharar zumuntar mata ce, Saratu tana bayana da tsintsiya, ta ji komai. Ta ce, "Baban Alheri, wai a kan akwatin nan ne kake ta ramewa? Ɗauki jitar ka kaɗa in gani."

Na ce, "Maman Alheri, ki bar ni, ba abin mata ba ne."

Ta ce, "To na maza ya kai ka ina? Ɗauka."

Na rataya jita, na taka feda. Kafin in taɓa tsirkiya sai na ji tsintsiya a bayan hannuna. Fyaɗ! Ta ce, "Wannan ɗan yatsan! Me ya je yi can?"

Na duba. Ƙaramin yatsana yana kan maɓallin muryar jita, ya riga ya murɗe shi ƙasa, saura kaɗan ya mutu. Ban san na yi ba, Allah shaidata.

Ta ce, "Kullum haka kake yi. Da ka juyo ka fuskanci bencin jama'a sai ka rage. A gida kuwa ka cika mana kunne. Shekara nawa ina kallonka daga layin mawaƙa, na ɗauka da saninka kake yi."

'Yan'uwa, fedar nan da abin da jita ta ba ta take aiki. In muryar da ke shiga cikinta ta yi ƙasa, ba za ta buɗe ba, ko an ƙure amfilifaya, domin amfilifaya a bayanta yake. Na mayar da maɓallin sama. Na fizga. Waw! Har kwanon rufi ya amsa.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, rabi na godiya, rabi na haushi. Shekara goma sha ɗaya ina ɓoye kiɗana don kada a ji kuskurena, ina kiran abin tawali'u. Tsoro ne! Da Malam Habila ya iso na gaya masa, sai ya ce, "Shi ya sa kullum nake ƙara maka daga can, ina zagin sifika a raina." Kowa ya ga wani abu, ba wanda ya faɗa mini!

Saratu ta samo salatif ta naɗe maɓallin a sama. Ran girbi na tsaya na fara kaɗawa. A baiti na biyu na taɓa tsirkiyar da ba ita ba, fedar kuwa ba ta rufa mini asiri ba, ta faɗa wa duk majami'a da babbar murya. Na rufe ido ina jiran abin da zai same ni. Mai ganga ya yi dariya, mata suka ci gaba da rawa da dammunan gero a ka, waƙa ta wuce. Shi ke nan. Abin da na yi shekaru ina gudu ke nan! Halleluya!

Ban mayar da jitar ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, yatsan nan har yau yana zuwa, sai ya tarar da salatif ya dawo. Ku ci gaba da yi mini addu'a.

Na gode wa Yesu da ya amsa addu'ar mai fushi, bai jira na gyara kalmomina ba. Kai ɗan'uwa da kake ganin Allah yana riƙe da kai a zuci, kana ta tonon laifin da ya riga ya yafe, ka daina wahalar da kanka. Gaya masa kai tsaye, ka dogara gare shi. Ni dai da tsintsiya ya amsa mini, kuma na karɓa da hannu biyu. Ku yabi Ubangiji!