Akwatin Da Ya Wanke Mahaifina

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sagiru ne daga Roni, kuma raina a ɓace yake.

Tun ina yaro mahaifina a sahun gaba yake sallah. Da jinsa ya ragu, muka saya masa na'urar ji a wani shago. Ba a jima ba ya ce ba ya jin kabbarar liman. Jama'a su ɗago daga sujada, shi yana ƙasa. Aka fara cewa tsufa ya taɓa masa hankali. Ni da bakina na ce, "Baba, abin nan sabo ne, kai ne ba ka kula." Daga nan ya koma sallah a ɗaki.

Da na kai shi asibitin kunne a Kano, wata ma'aikaciya ta cire na'urar, ta rufe ta a wani ɗan akwati mai auna ƙarar da take fitarwa. Layi ya fito a kwamfuta, kwance kamar gawa. Ta ce, "Baba, da ita kuke alwala?" Ya ce ƙwarai. Ashe ruwan shafar kunne ne ya kashe ta, kuma mai shagon bai taɓa gargaɗinmu ba.

Baba kallona kawai ya yi. Wallahi gara mari.

Masu sayar da abin da ba ku iya gwadawa, ku ji tsoron Allah! Malam, ina ake wannan gwajin kusa da mu? Kuma yaya ɗa zai nemi gafarar uban da ya ƙaryata?