Tururin da Yaya Take Tsoro

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, malamanmu da dattawanmu, shugabar ƙungiyar mata, likitan asibitinmu da ya baro aiki ya zo, iyayena mata da ke zaune daga baya, matasan da suka tsaya a tagogi saboda ƙarancin kujeru, da duk wanda ya ji kira ya amsa, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan dama. Da yawanku kun zauna a ajina na kimiyya kafin in ajiye alli, kun kuma san in na fara bayani ba na jin ƙararrawa. Yau zan yi ƙoƙari in ji.

An tara mu ne a kan dogon ƙarfen sabis da ke bayan makaranta, ko a cire shi ko a bar shi. Maganata uku ce, kuma ta ukun ita ta fito da ni daga gida.

Ta farko, ban zo in yi wa kowa dariya ba. Uwar da ta ga an kafa ƙarfe a kan hanyar ɗanta, ba a tambaye ta ba, ba a yi mata bayani ba, tana da hakkin ta ji tsoro, tana da hakkin ta yi tambaya. Kamfanin ya yi mana rowar bayani, kuma ina cikin masu cewa ya zo ya auna a gabanmu, ya nuna mana abin da ma'auni ya ce.

Ta biyu, kalmar nan da ta cika bakinmu, wato tururi. Tururin waya, tururin ƙarfe, tururin asibiti, duk mun zuba su a buhu ɗaya. Jama'a, mu ne fa muke kiran lantarki wuta, muke kiran gobara wuta, amma ban taɓa ganin wanda ya ji an kawo wuta ya ruga neman bokiti ba. Haka tururin nan yake, suna ɗaya, hali daban. Na waya da na ƙarfen sabis dangin na rediyo ne, iyakar abin da aka tabbatar yana yi wa jiki shi ne ɗan ɗumi. Masana sun daɗe suna bincike, ba su tabbatar yana kawo ciwon daji ba, ba su kuma rufe binciken ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya sa abin kunne, ya rage doguwar hira, ba laifi. Sai dai ku sani, in ƙarfen ya yi nisa, wayar da ke manne da kunnenku ƙara ƙarfi take yi don ta kai gare shi, kamar mai kiran wanda ke ƙetaren titi. Na asibiti kuwa wani abu ne daban, mai ƙarfi ne ƙwarai, shi ya sa ake auna shi, ake saita shi a kan ciwo kaɗai.

Ta uku, Yayata. Kun san ta, kusan babu gidan da babu rigar da ta ɗinka. Ta ba ni izini in faɗi wannan, ga ta can kusa da ƙofa. Mai ɗinki hannunta biyu a kan keke suke, rigarta kuma ba aljihu, don haka a ƙirji take ajiye waya, kamar yadda yawancin iyayenmu mata suke yi. Bara ta ji ƙullutu a nononta, daidai inda wayar take zama. Ba ta gaya mini ba. Ta gaya wa masu kawo ɗinki, kuma kowace, don ƙauna ba don mugunta ba, ta ce mata tururin waya ne. Sai Yaya ta yi lissafin da kowa zai iya yi, cewa in an cire sanadi ciwo zai tafi. Ta kashe wayar ta jefa a durowar zare, ta ɗauke gadonta daga ɗakin da ke kallon ƙarfen, ta zauna tana jira. Wata ya bi wata tana jira, ƙullutun kuma bai jira ta ba.

Da labari ya iso mini, na kai ta asibiti, aka ce ciwon daji ne. An yi aiki an cire, alhamdu lillahi. Likita ya ce saura gashi, don a kashe abin da wuƙa ba ta gani. Ta tambayi yadda ake gashin, ma'aikaciyar jinya ta ce, "Ba wuta ba ce, Mama, wani tururi ne na'ura take sakewa." Ina tsaye na ga fuskar Yaya ta canza. Ta ɗauki mayafinta, muka fito.

Ta ce, "Auta, tururin da ya sa mini ciwo shi za a kwantar da ni a ƙara mini?"

Na ce, "Yaya, wallahi ba iri ɗaya ba ne."

Ta ce, "Kai dai da karatunka. Unguwa guda tana taro a kan a cire shi, kai kana so a ɗura mini."

Na yi bayani da baki, na yi da zane, na yi da hawaye. A wurinta har yau ni yaron nan ne da take share wa majina. Daga ƙarshe ta ce, "In waɗanda suka ce mini tururi ne suka ce in je, zan je."

To, ga ku nan. Likita ya ce lokacin gashin yana da iyaka, kuma mun ci rabinsa. Ina jin tsoro, ba na ɓoye muku. Ƙarfen nan ku cire shi ko ku bar shi, hukuncinku ne, zan bi. Abin da nake roƙo ya fi wannan sauƙi. Ina roƙon shugaba ya faɗa da bakinsa, ina roƙon likita ya tashi ya faɗa, ina roƙon iyayena mata, ku da kuke zama a bencin shagonta, ku juya ku faɗa mata cewa tururin asibiti magani ne. Kuma duk wadda ta ji ƙullutu a jikinta, ta ajiye waya in tana so, amma washegari ta je a duba ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu basirar yanke hukunci, Ya kare 'ya'yanmu daga abin da muke gani da wanda ba mu gani, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yaya, ranar da za a sa ni makaranta na ƙi shiga, na ce duka ake yi a ciki. Ke kika riƙe hannuna har bakin aji, kika tsaya a taga har aka tashi. Gobe ni zan tsaya a bakin ƙofar ɗakin gashin, ba zan gusa ba sai kin fito.

Na gode.