Yoyon Babur a Hanyar Ɗanbatta

A gafarce ni da ƙarambani, ban taɓa rubuta labari ba. Abin da na ji ne a bakin hanyar Ɗanbatta ranar kasuwa.

Wani mai babur ya tsaya da kaya niƙi-niƙi, yana leƙen man da ke ɗiga ƙasa. Wani dattijo mai sayar da rake a wurin ya ce, "Malam, jakin naka ya gaji ne?"

"Baba, kuloci ne. Ina ba shi wuta yana ihu, ba ya tafiya. Ga inji yana yoyo."

"Buhu uku da jarka ka ɗora masa. Ko ni ne sai na yi ihu."

"Shekara goma ina hawan babur, na san yoyon inji!"

Dattijon ya dangwali man, ya shinshina. "Sannu, injiniya. Tun yaushe baƙin mai yake ƙamshin ƙuli-ƙuli?"

Mutumin ya waiga. Wayar da ya ɗaure kayan da ita ta huda jarkar, man da ke ciki ko rabi bai rage ba.

"Innalillahi! Man gyaɗar surukata ne, tana can kasuwa tana jira!"

"To, je ka ce mata kuloci ne."

Dariya ta kusa ƙwace mini. Na toshe baki da mayafi, na sulale kafin su lura.