Gawayi da Asusun Jana'iza

A wani shagon kayan Afirka a garin Hyattsville na Amurka, Hansatu na rungume da buhun gawayi, sai wani dattijo da ba ta sani ba ya ji Hausarta ya tanka.

"Hajiya, gashi za a yi cikin sanyin nan?"

"Wane gashi, Alhaji? Kwana shida injin ɗumama gidanmu a mace, mai gidan da muke haya ya ce babu kuɗin gyara. Jikata sai tari take."

"Kada ki hura a ɗaki. Ɗakunan nan iska ba ta shiga, hayaƙin kisa yake."

"To na aika wa ƙungiyarmu ta Hausawan nan neman rance, wai ma'aji ya ce asusun na jana'iza ne kawai."

"Ai haka muka rubuta a dokar..."

Hansatu ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe kai ne ma'ajin. To ka tanadi likkafani biyu, ɗaya ƙarami."