Mai Jar Hula

A layin sayen kofi na filin wasan hoki, wasan da ake buga ƙwallo da sanda a kan ƙanƙara, a garin Moose Jaw na Kanada, Garnet ya taɓo dattijon da ke gabansa. Kan ɗansa Garnet zai yi tambaya, amma bai ce ɗansa ba ne.

"Baba, kana ganin gobe za su sallami ɗan wasa mai lamba tara? Ƙwallo ashirin fa ya ci."

Dattijon bai waiwayo ba. "Wasa huɗu ya kayar da mu. Ana gab da tashi sai ya maka wa wani sanda, a fitar da shi."

"Zuciya gare shi."

"Tsoro dai. Ni nake buɗe masa ƙofar wurin hukunci, inda ake zaunar da wanda aka fitar. Yana zama sai waige-waige, yana neman wani mai jar hula da ke ihun 'Buge shi!'"

Garnet ya zare jar hularsa, ya cusa ta a aljihu.