Tagogin Lavaudou

Ranar kasuwar Aubusson, wani gari a Faransa, ina zaune a rumfar jiran bas, na yi kamar ina gyangyaɗi, kunne kuwa a buɗe. Sai wata mata ta tsayar da mota gaban wani tsoho mai suna Firmin.

"Sannu, Baba. Don Allah ina hanyar Lavaudou? Na duba taswirar wayata, babu shi."

"Ai ba za ki gan shi ba, Madam. Hukuma ta haɗe mu da ƙauyen ƙetaren rafi, ta laƙaba mana sunansu. Mutanen da ko tsani ba mu taɓa ba su aro ba!" Ya leƙa lambar motar. "Saba'in da biyar, 'yar Paris ke nan. Mu nan yankin Creuse lambarmu ashirin da uku ce, saura kaɗan yawanmu ma ya koma haka."

Ta yi dariya. "Gida na saya a can, daura da coci."

"Gidan marigayiya Léontine? Ai ƙofata na kallon ƙofarki! Ofishin magajin gari a rufe yake, makaranta ta zama rumbun ciyawa, amma iska, Madam, babu irinta. Yaushe za ki tare?"

"A'a, hutun Agusta kawai zan riƙa zuwa."

Ya murza hularsa.

"To, ki bar mini makulli."

"Akwai ɓarayi ne?"

"Wa ya rage da zai yi satar? Tagogi zan riƙa buɗe miki da safe, in rufe da yamma. Tun rasuwar Léontine ban sake leƙowa na ga tagar kowa a buɗe ba."