Zani Uku Zuwa Nahuce

A tashar Gusau, saura mutum biyu motar Bungudu ta cika. Wata Hajiya mai jiki ta dubi siririyar matar da ke kusa da ita a benci.

"Baiwar Allah, cikin wannan zafi kika ɗaura zani uku?"

"Gida za ni, Hajiya, Nahuce. In Inna ta gan ni a rame, cewa za ta yi mijina ya bar ni da yunwa, ta hana ni komawa ɗakina."

"To, ba ya ciyar da ke ne?"

"Shi ya kai ni asibiti ma. Ciwon suga ne. Likita ya ce in rage tuwo, in bar kayan zaƙi. Kilo tara na sauke, jiri ya tafi."

"Kilo tara! An yi asara. Mace da wuya kamar na zabuwa, wa zai ce aure ya karɓe ta? Ni ma haka likita ya faɗa mini, na ce ba zan kunyata Alhaji ba. Man shanu kullum! Duk unguwarmu da Alhaji ake misali."

"Ciwon fa?"

"Yana nan, yana ganin girmana."

Ɗan kamasho ya ƙwala kira, mota ta cika. Siririyar ta miƙe zumbur. Hajiya ta yunƙura sau biyu, ta koma zaune.

"'Yar nan, kama ni, gwiwoyin sun ƙi. Amma a hankali, kada mutane su ce ba ni da lafiya."